Daga Daɓe Zuwa Tayil: Ina Danshin Ƙasa Yake Tafiya?

A unguwannin da ke kusa da Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya, magidanta da dama suna fasa tsohon daɓen ɗakunansu su shimfiɗa tayil mai zane irin na da. Ɗaki yakan yi kyau, shara ta yi sauƙi. Amma bayan damina biyu ko uku, sai a ga zartsi ya fito a gindin bango, yaɓe ya soma zubewa.

Daɓen gargajiya aikin mata ne. Sukan baza jar ƙasa da tsakuwa, su yi ta bugu da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa. Makuba tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda yake ƙara wa ƙasar tauri. Duk da haka daɓe yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ta nan danshi yake fita ya bi iska.

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Mayu zuwa Oktoba. Ruwan da ƙasa ta sha yakan hau sama ta ƙananan ƙofofin, kamar yadda kananzir yake bin lagwani. Idan aka rufe ƙasan ɗaki da siminti da tayil mai ƙyalli, an toshe masa hanya ke nan. Sai ya karkata zuwa bangon tubali, ya hau tare da gishirin ƙasa. Ruwan ya bushe, gishirin ya daskare, ya riƙa tsattsage bangon. Jiƙaƙƙen gindi kuwa ba ya iya ɗaukar nauyin soro.

Saboda haka akwai matakan da ya kamata a bi. Da farko a zuba dakakken dutse mai kaurin santimita 10 zuwa 15, domin ruwa ba ya iya hawa ta manyan ramukan da ke tsakaninsa. An fi son tayil na gasasshen yumɓu marar ƙyalli, a jiƙa shi kafin a ɗora, don kada ya tsotse ruwan kwaɓin. A bar ɗan tsakani tsakanin kowane tayil, da kuma gefen bango, saboda zafin bazara yana buɗa shi, sanyin hunturu yana tsuke shi. A waje kuma, a gyara wa ruwan indararo hanya nesa da gindin gini.

Ɗalibai suna iya gwadawa a makaranta. Su tsayar da busasshen bulo cikin faranti mai ruwa kaɗan, su riƙa auna tsayin da danshi ya kai bayan kowace awa. Abin da suka gani a jikin bulon, shi ne yake faruwa da bangon gida a kowace damina.