Ƙananan Halittun Tafki Da Fari Ba Ya Kashe Su

Duk wanda ke zaune a ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ya san yadda kududdufi yake a watan Maris. Ruwa ya ƙafe, laka ta tsage, yara suna wasa a ciki. Amma ruwan farko yana sauka, kafin mako biyu sai a ga ƙananan halittu suna iyo. Daga ina suka fito? Wasu kan ce tare da ruwan sama suke faɗowa. Ba haka ba ne. Tun can suna nan a cikin busasshiyar laka.

Waɗannan halittu dangin ƙaguwa ne da jatan lande, sai dai ƙanana ne ƙwarai. Yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Idan aka ɗebi ruwan tafki a farar kwalba aka ɗaga ta a rana, za a gan su kamar ƙura mai motsi.

Dabarunsu Na Tsira

Manyan ruwaye irin su madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, suna da ruwa duk shekara. Amma kududdufi da ƙananan tafkunan fadama kan bushe wata da watanni. Mazauna cikinsu suna da dabaru guda uku.

Ta farko ita ce ƙwai mai tauri. Idan ruwa ya fara ja, uwa za ta saka ƙwai mai ɓawo mai kauri. Ita za ta mutu, ƙwan kuwa ya kwanta a laka. Zafin bazara da sanyin hunturu ba sa kashe shi. Yana iya yin shekaru yana jiran ruwa. Iska da ƙafafun tsuntsaye sukan kai shi wani tafkin.

Abin mamaki, ba duka ƙwan ke ƙyanƙyashewa a ruwan farko ba. Wani yakan jira na biyu, wani ma sai baɗi. Manomi mai hankali ma ba ya zuba irinsa duka a shukar farko, don gudun kada ruwa ya ɗauke.

Ta biyu ita ce barci. Wasu tun suna 'ya'ya suke nutsewa cikin laka, su daina ci, su daina motsi, har damina ta dawo. Masunta sun san gaiwa da irin wannan hali. Ƙaguwa kuwa rami take haƙawa har ta tarar da danshi.

Ta uku ita ce saurin girma. Wasu cikin mako ɗaya ko biyu sun girma har sun saka ƙwai, tun kafin ruwan ya sake ƙafewa.

Amfaninsu Da Illarsu

Su ne abincin farko na 'ya'yan kifi. Inda suka yi yawa, kifi yakan yi auki. Don haka wanke kwanon feshin maganin ƙwari a tafki ɓarna ce, domin yana kashe su.

Amma akwai wani mai ido ɗaya a cikinsu wanda ya wahalar da mutanen karkara. Shi ne yake ɗaukar 'ya'yan kurkunu. Idan mai kurkunu ya sa ƙafarsa a tafki, tsutsar za ta zuba 'ya'yanta a ruwa, shi kuma ya haɗiye su. Wanda ya sha ruwan ya sha har da shi. Bayan kamar shekara guda sai kurkunu ya fito, sau da yawa daidai lokacin aikin gona.

A lura da wannan: 'ya'yan kurkunu ba sa jure fari a laka. A jikin mutum suke shekara. Mai ido ɗaya yana farkawa ba tare da cuta ba, sai in wani ya kawo masa.

Sanin haka ne ya kawo nasara. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana masu ciwon shiga tafki. Cibiyar Carter ta Amurka da Janar Yakubu Gowon sun taimaka ƙwarai. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta bar ƙasar nan.

Duk da haka kada a yi sake. A 2023 an samu mutum 14 da ita a duniya, mafi yawansu a Chadi, maƙwabciyarmu. Mai ido ɗaya kuwa yana nan a tafkunanmu, yana farkawa kowace damina.

Saboda haka jama'a su sha ruwan rijiya ko na burtsatse. Idan dole sai na tafki, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa, domin tacewa kaɗai ba ta kawar da ƙwayoyin kwalara da gudawa. Wanda ya ga ƙurji da farar tsutsa tana fitowa, kada ya shiga ruwa. Ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa.