Cire Wa Kyanwa Farce: Gyara Ne Ko Ɓarna?

A ƙauyukanmu ana ajiye kyanwa ne domin ta tsare rumbu daga ɓarnar ɓeraye, kuma kowa ya san farcenta shi ne makaminta. To, amma a Amurka da Kanada, inda ake ajiye ta a cikin ɗaki don sha'awa, an daɗe ana kai ta wurin likitan dabbobi a cire mata farce baki ɗaya, don kada ta yayyage kujerun kushin da labule. Wannan al'ada ta jawo muhawara mai zafi.

Da farko, ya kamata mai karatu ya gane cewa wannan aiki ba irin yankan ƙumbar da ake yi mana a kasuwa ba ne. Farcen kyanwa daga jikin ƙashi yake tsirowa. Saboda haka sai an ba ta maganin barci, an guntule ƙashin ƙarshe na kowane yatsa. Misalinsa a jikin mutum shi ne a datse masa yatsu daga gaɓar ƙarshe. Kyanwa tana da farce 18, watau 5 a kowace ƙafar gaba, 4 a kowace ta baya. Galibi na gaban guda 10 ake cirewa.

Masu goyon baya suna cewa gara a cire farcen da a kori kyanwa daga gida ta shiga yawon bola. Suna kuma kawo hujjar tsofaffi da marasa lafiya waɗanda yakushi zai iya cutar da su.

Masu adawa kuwa sun ce garin neman gira ake rasa ido. Kyanwa a kan yatsunta take tafiya, don haka in an guntule su tafiyarta tana sakewa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya duba kyanwoyi 274, rabinsu an cire musu farce. An gano cewa waɗanda aka cire wa sun fi fama da ciwon baya, sun fi yawan cizo, kuma sun fi yin fitsari da kashi a wajen akwatin yashin da aka tanadar musu. Kashi 63 cikin 100 nasu an bar musu guntun ƙashi a cikin yatsu. Ke nan wanda ya guji yakushi yana iya gamuwa da cizo, alhali cizon kyanwa ya fi saurin ruruwa.

Wannan ne ya sa hukumomi suka sa baki. Dokar kare dabbobi ta Ingila ta 2006 ta hana aikin, Isra'ila ta hana a 2011. A Amurka, jihar New York ce ta fara hanawa a 2019, sai Maryland a 2022. Ana yarda da shi ne kawai idan cuta ko rauni ya tilasta.

Karce abu ɗabi'ar kyanwa ce. Da shi take zubar da tsohon ɓawon farce, ta miƙe jiki, ta kuma bar alamar wurinta. Maganin ɓarnarta mai sauƙi ne: a kafa mata guntun itace, a naɗe shi da igiya, ta riƙa karcewa. A kuma hana yara jan wutsiyarta. Jama'a, mu bar wa kyanwa farcenta, ita kuma ta tsare mana hatsinmu.