Gure: hatsi da ƙarangiya ƴan gida ɗaya ne

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙasar Gure, mai tazarar kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, babu hakin da aka raina kamar ƙarangiya. Tana maƙale wa matafiyi a wando, tana sukar yaro a ƙafa, manomi kuwa da ya gan ta a gona sai ya kai mata hauya. Amma masana ilimin tsirrai da suka duba asalinta sun gano cewa ita da hatsin da muke tuƙa tuwo da shi dangi ne na kusa, har tun shekara ta 2010 da yawa daga cikinsu suka haɗa su a gida ɗaya mai suna Cenchrus. A kan tuddan rairayin Gure kuwa, zumuncin ya wuce na suna.

Kowa ya san halin wannan yanki. Ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 300 da wani abu ba. Arzikin Mangawa, Hausawa, Fulani da Tubawa da ke zaune a nan ya rataya ne a kan gonakin jigawa, da makiyaya, da kuma kwarurrukan da ke tsakanin tuddai, inda ake samun dabino, rogo, rake, goriba da kanwa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyayi masu yawa, ƙasa ta zama tsirara, iskar hunturu ta samu abin ɗauka. Tudun da a da yake zaune wuri ɗaya sai ya soma tafiya, yana binne gona, rijiya da itacen dabino.

Tun farkon shekarun 2000, malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tare da takwarorinsu na jami'o'in Liyej da Luven na ƙasar Beljiyam suka duƙufa kan wannan matsala, a wurare irin su Cago da Kilakina. Sun auna yawan yashin da iska ke kwasa, suka kuma gwada shingen da ake kafawa da rassan kalumbo a kan tudu. Abin da suka tarar shi ne, shinge yana karya ƙarfin iska, yana kuma tare ƙwayoyin irin ciyawa da iskar ke tafe da su. Idan damana ta sauka, ciyawa ce ke fara fitowa, ƙarangiya na cikin na gaba, tun itatuwan da aka dasa ba su kai ko'ina ba. Saiwoyinta su riƙe yashi, busasshen ganyenta ya rufe ƙasa har rani. Daga baya shirin PLECO, da taimakon hukumar PNUD, ya faɗaɗa aikin a Gure da Maine-Sorowa.

Ta fannin hatsi ma akwai darasi. A shekara ta 1976 masu bincike sun zagaya ƙauyukan Nijar suka tattara irin hatsin manoma suka adana. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu aka sake karɓo iri. Masanan cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar suka shuka tsohon iri da sabo kafaɗa da kafaɗa a tashar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai. Sakamakon da aka bayyana a 2011 ya nuna sunayen irin ba su canza sosai ba, amma hatsin 2003 ya fi saurin fidda kai, ya fi gajarta, zangarniyarsa ma ta ragu. Ma'ana, manomin da ke ware zangarniyar da ta nuna da wuri don ajiyar iri, shekara bayan shekara, ya riga ya daidaita hatsinsa da gajeriyar damana, ba tare da ya shiga aji ba.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta bi wannan hanya da iri kamar HKP mai nuna cikin ƙasa da wata uku. A 2018 kuma aka fitar da Chakti, wanda ke nuna cikin kimanin kwana 65, yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai yawa, abin da mata masu ciki da yara ƙanana ke buƙata don maganin ƙarancin jini. Sai dai iri komai kyansa, idan iskar farkon damana ta watsa wa tsiron yashi ta ƙone shi, aikin ya koma baya, sai an sake shuka. Shi ya sa masana ke nanata a bar karan hatsi a kwance cikin gona bayan girbi, a bar tudu da rigarsa ta ciyawa.

A nan ne magana ta zo kan ƴan kasuwa da ma'aikata. Da rani ciyawa kuɗi ce. Ana share ta da manjagara har ƙasa, a ɗora wa amalanke da raƙumi zuwa gari don masu kiwon turke. Ba wanda zai ga laifin talakan da ke neman na cefane, amma tudun da aka kashe dukiya wajen ɗaure shi, idan aka share shi ƙwal tun irin ciyawar bai zuba ba, baɗi sai a sake sabon aiki. Haka nan, lokacin da rumbu ya ƙare, manomi yakan sayi tiya a kasuwar Subdu ko Gidigir ya ci rabi ya shuka rabi. Idan hatsin daga kudu aka kawo shi, inda damana ke da tsawo, ruwa zai ɗauke a Gure bai cika ido ba. Ɗan kasuwar da ya raba buhun ci da buhun shuka, ya kuma faɗa wa mai saye gaskiyar inda kayan suka fito, ya tsare wa kansa abokin ciniki na baɗi.

Muna kira ga ma'aikatan gona da na gandun daji, da magadan gari da sarakunan gargajiya, su zauna da manoma da makiyaya a tsai da lokacin yankan ciyawa da wuraren da za a keɓe, a kuma kai ingantaccen iri ƙauyuka kafin ruwan farko, ba bayansa ba. Sakamakon binciken nan da yawansa da Faransanci yake a ajiye cikin ofisoshi. Ya kamata a juya shi da Hausa da Barebari a gidajen rediyon karkara, domin masu gonar su ji.

Tsofaffi ba su manta ba cewa a shekarun yunwa ƙwayar ƙarangiya aka sussuka aka daka aka ci. Allah ya kiyaye mu da komawa wannan hali, ya ba mu damana mai albarka.