FAƊIN MATAKALA: Abin Da Masu Ɗora Bene A Birnin Kudu Da Gwaram Kan Mance Da Shi

Tun daga shekarar 1991 da aka cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, garuruwan Birnin Kudu da Gwaram suke ƙara cika. Filin gini a cikin gari ya yi tsada, musamman a bakin babban titi, iyali kuwa sai ƙaruwa suke yi. Saboda haka magidancin da ba shi da halin sayen wani fili, idan ɗansa ya isa aure, sai ya ɗaga kai sama. A yaye kwano, a zuba rufin kankare, a ɗora ɗaki biyu.

A wajen wannan aiki akan yi dogon lissafi a kan siminti da rodi da bulo, amma matakala sai a ƙarshe ake tunawa da ita. Duk lungun da ya rage tsakanin bango da bango, nan ake cusa ta. Wata sa'a faɗinta bai wuce ƙafa 2 ba.

Ranar da aka gama, maigida ya hau ya sauka shi kaɗai, hannu ba kaya, ya ga ba laifi. Aibin ba ya fitowa sai ranar jere, lokacin da gado da katifa da sif suka ƙi shiga, har a koma ana jan su da igiya ta taga. Wannan ma mai sauƙi ne. Idan naƙuda ta kama mace cikin dare, ana so a garzaya da ita Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, sai mutum biyu sun tallafe ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Matakala mai ƙafa 2 ba za ta ɗauki mutum biyu a jere ba, balle uku. Haka nan tsohon da ƙafa ta gaza, haka nan gawa, wadda ba a so a wahalar da ita wajen saukowa.

To, nawa ya kamata faɗin ya kasance? A Amurka, ƙa'idar gina gidajen zama ta ce kada ya gaza inci 36, watau ƙafa 3, kimanin santimita 91. A Ingila, inda aka saba mayar da sararin ƙarƙashin jinka ɗakin kwana, doka ba ta yanke faɗi ga matakalar gidan mutum ba, amma ta hana tsayin taki ɗaya ya wuce santimita 22, ta kuma hana wurin sa ƙafa ya gaza santimita 22. Sai dai ɗakin da Bature yake hawa na mutum ɗaya ne ko biyu. Benen Bahaushe kuwa yara ne ke hawa da gudu, da mata masu goyo, da bokitin ruwa, da tiren abinci, ga maza da manyan riguna. Don haka ƙafa 3 ita ce mafi ƙanƙanta, ƙafa 3 da rabi ta fi kwanciyar hankali.

Akwai wani wuri da ake yin kuskure ko da an yi niyya mai kyau. Magini yakan auna ƙafa 3 tun bulo yana tsirara. In aka yi filasta ta kowane gefe, ta cinye kusan inci 1 zuwa 2. In aka kafa ƙarfen riƙewa, ya cinye wajen inci 3. Kafin a farga abin da ya rage ƙafa 2 da rabi ne da 'yan kai. Awon da ya dace a yi magana a kansa shi ne na bayan an gama kome, watau sararin da jikin mutum zai bi.

Masu ƙuntata matakala sukan ce suna tattalin wuri ne. Lissafi bai goyi bayansu ba. Alal misali, idan daga daɓen ƙasa zuwa na sama ƙafa 10 ne, watau inci 120, aka ba kowane taki wajen inci 7, za a sami taki 17. In wurin sa ƙafa inci 10 ne, tsawon matakalar zai kai ƙafa 13 da inci 4. Wanda ya rage faɗi daga ƙafa 3 zuwa 2 da rabi, abin da ya tsira da shi siririn wuri ne mai inci 6, wanda ko tabarmar salla ba za ta shimfiɗu a ciki ba.

Wannan lissafi ya nuna wani abu kuma: matakala miƙaƙƙiya ba za ta shiga ɗaki mai ƙafa 12 ba. Tilas ta yi kwana, ko a fitar da ita tsakar gida. Kwanar nan ita ce wurin da kaya suke maƙalewa. Shimfiɗaɗɗen wurin da ake tsayawa a juya kada ya gaza faɗin matakalar kanta, kuma daga taki zuwa rufin da ke sama a bar wajen mita 2, don kada dogon mutum ya riƙa sunkuyo. Wadda aka yi a waje tana da sauƙin faɗi, amma kudancin Jigawa ya fi arewacinta ruwan sama, don haka tayil mai santsi bai dace da ita ba.

Kafin wannan duka, wajibi ne injiniya ya duba harsashin tsohon ginin, gama yawancinsu ba don bene aka haƙa su ba, kuma a nemi izinin hukumar tsara birane. Sa'an nan kafin kafinta ya buga katako, maigida ya sa a shata siffar matakalar da toka a ƙasa, a jera bulo a gefunanta, mutum biyu su ɗauki ƙyauren ƙofa a kwance su bi ta ciki har su sha kwanar. Idan ƙyauren ya taɓa bulo, sai a ƙara faɗi tun ba a kwaɓa siminti ba.