Zare Itace Idan Tukunya Ta Tafasa

Ranar da na fara ɗaukar Inna a motata, dubiya za mu je. Danja ta tsayar da mu, na taka birki, sai motar ta yi tsit. Ba ƙugin inji, ba karkarwar sitiyari. Inna ta leƙo daga kujerar baya. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, mutuwa ta yi?"

"A'a Inna, lafiyarta ƙalau. Ita ke kashe injinta da kanta in ta ga ba aikin da zai yi. Da an ba mu hannu za ta tafi."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ashe ta iya girki. Tukunya ta tafasa, ta zare itace."

Na yi watanni ina karance-karance a kan wannan mota, ban gamu da bayanin da ya kai wannan ba. Tun daga ranar, duk abin da ya shige mini duhu game da ita, madafin Inna nake komawa in nemo amsarsa.

Toyota Prius ce ƙirar 2008, 'yar Kwatano, ta sha tafiya a titunan Amurka kafin ta tsallako teku. Na saye ta bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta zarce 1,000. Irin motocin nan ne ruwa-biyu da ake kira haibirid: injin fetur mai lita 1.5 a gaba, ga kuma babban batir a bayan kujerar baya da ke juya injin lantarki, kwamfuta na raba musu aiki. A Japan aka fara sayar da Prius a 1997, tawa kuwa zubi na biyu ce, waɗanda aka yi daga 2003 zuwa 2009. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna ta tana sabuwa, ta ce galan ɗaya na kai ta mil 46, wato kusan kilomita 19 da rabi a lita guda.

Ni dai a watannin farko ko kusa da hakan ban gani ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, don bashi na ci na cika kuɗinta. Wani maƙwabcina ya ce ai dama zancen haibirid yaudara ce. Ban yarda ba, amma ba ni da hujjar da zan mayar masa.

Abin da na tuna shi ne wannan. A gidan da muka tashi murhu iri ɗaya ne, duwatsu uku, kuma wurin mai itace ɗaya ake saye. Amma damin da wata za ta cinye a kwana huɗu, Inna sai ta yi mako da shi, tuwonta kuma ba ya fitowa ɗanye. Ba murhun ne ya bambanta ba. Hannun da ke tura itacen ne.

Abu na farko, Inna ba ta hura wuta don abu ɗaya. Ta san wurin hurawa ne itace ya fi ƙonewa a banza: hayaƙi, fifita, tukunya da sanyinta. Saboda haka in ta kunna, sai ta jera ayyuka, miya ta sauka tuwo ya hau, tuwo ya sauka ruwan wanka ya hau. Prius ma haka take. In ka tayar da ita da safe, injin fetur zai yi ta aiki ko da kana tsaye, har sai ya ɗauki zafi, kuma a waɗannan mintuna na farko ne take shan mai kamar kowace mota. Ni kuwa a da sai in kai yara makaranta in dawo in ajiye, can da hantsi in fita sayen kati, da azahar in sake fita kasuwa. Sau uku ina hura wuta don dafa ƙwai ɗaya-ɗaya. Yanzu haɗa aike nake yi, in fara da wuri mafi nisa don inji ya yi zafi sosai, sauran in bi su a hanyar dawowa. Na kuma daina ɗumama mota a ƙofar gida kamar yadda muka gada. Tana nuna READY nake tafiya a hankali, ta ɗumama a kan hanya.

Akwai wani abu da ya burge ni a nan. Da dare Inna takan binne garwashi cikin toka, da asuba ta tona ta tarar da shi da ransa, ba sai ta nemi ashana ba. Motocin Prius da aka yi wa kasuwar Amurka a wannan zubi suna da wani tanki kamar filas, ɓoye a gefen gaba ta wajen direba, yana ɗaukar kusan lita 3 na ruwan inji. In ka kashe mota za ka ji wani ɗan zuuu na 'yan daƙiƙu. Ruwan zafin ne take ɗurawa a filas ɗinta, ta ajiye wa gobe. Da farko na ɗauka wata matsala ce.

Sai zancen birki, wanda nan ne direban Kano zai sha wahalar sauya hali. Inna in ta zare itace ba ta barinsa ya cinye a gefe. Takan yayyafa masa ruwa, baƙin gawayin ta tara a tsohon kwano, ranar guga a zuba a dutsen guga. Wutar da ta riga ta biya kuɗinta, sai ta ci moriyarta sau biyu. A mota ta yau da kullum, duk gudun da ka saya da fetur, da ka taka birki ya zama zafi ya bi iska. A wannan kuwa, in ka taka a hankali tun daga nesa, injin lantarkin ne ke juyewa ya zama janareta, ya rage maka gudu yana mayar da caji cikin batir. Amma in ka taho a guje ka danne birki a bakin danja, ba ta da lokacin tara komai, dole birkin gargajiya ya kama, gawayin ya zama toka. Don haka na koyi hangen nesa. In na hango ja a gaba, ko cunkoson 'yan adaidaita a shataletale, tun daga can nake ɗaga ƙafa. Na baya zai yi ta hon, ya wuce ni a fusace, mu haɗu a danja ɗaya.

Wajen tashi ma ba lallaɓawa ake yi ba. Wuta mai rauni ba ta tafasa tukunya, hayaƙi kawai take yi. Ka ba ta wuta daidai har ka kai gudun da kake so, sannan ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, ka sake ɗora ta a kan totur kaɗan-kaɗan. In gudunka bai wuce kilomita 65 ba, sau da yawa inji zai mutu, motar ta ci gaba da sulalawa shiru. Wannan shi ne zare itacen. A babban titi kamar na Zariya ba ya yiwuwa, inji ba ya hutawa, kuma iskar da kake kutsawa tana ƙara nauyi fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Can abin yi ɗaya ne, ka tsaya wajen 90 zuwa 100, ka bar masu 140 su tafi.

Abubuwa biyu na roƙi duk mai irin motar ya bari. Kada ka mayar da giya N a gangara ko a cunkoso, don a N batir ba ya caji. Kuma B ɗin da ke jikin giyar ba ta batir ba ce, ta doguwar gangara ce irin ta hanyar Jos, inda take sa inji ya riƙe mota. A cikin gari asara ce.

Amma duk wannan gyaran hali bai kawo ni inda nake so ba, sai da na kai ga randa.

Randar Inna tana gindin bishiya, a kan jiƙaƙƙen yashi, rana ba ta taɓa ta. Ba a cika ta har baki, ba a kuma barin ta ta ƙafe. Babban batirin Prius ƙanana ne guda 28 a jere kamar yankan burodi, kowanne bolt 7.2, jimla 201.6. Kwamfutar ba ta bari ya cika ko ya ƙare, tsakanin kashi 40 da 80 take riƙe shi, shi ya sa yake shekara da shekaru. Ko layuka 8 da allo ke nunawa, wannan tsakiyar kawai suke aunawa. Babban maƙiyinsa zafi ne. Kuma iskar da ke sanyaya shi daga cikin mota ake zuƙo ta, ta wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar baya ta hannun dama, fanka na tura ta cikin batir.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, na lura fankar nan tana ihu a baya ba ƙaƙƙautawa, inji ya daina mutuwa a danja, motar ta yi nauyi. Wani mai gyara da na fara zuwa wurinsa ko buɗewa bai yi ba ya ce batir ya tafi, in kawo kuɗin wani. Jikina ya yi sanyi. Na biyun, wani matashi mai na'urar duba kwamfuta, ya jona ta ya daɗe yana kallo.

"Yallaɓai, batirinka da sauransa. Numfashi ne ba ya samu."

Ya kwance rufin gefen but, ya ciro fankar. Abin da na gani ba zan manta ba. Kowane reshe nata ya toshe da wani abu mai kama da auduga, launin toka: gashin wani kare na can Amurka da ban taɓa gani ba, zaren kafet, ƙurar hunturu biyu ta ɗaure su tamau. Ya zauna a kan benci da tsohon buroshin haƙori yana tsefewa reshe-reshe, ƙurar na zuba a kan gwiwarsa, har baƙin robar ya fito. Da ya mayar, ko motsinta ba na ji. Washegari a danjar farko inji ya yi shiru, ni kaɗai a mota na ce Alhamdu lillahi.

Shi ne ya gaya mini alamar batirin da ya gaji da gaske: layukan allo su cika fal cikin minti kaɗan, su kuma zube cikin minti kaɗan, kamar randa mai tsaga. Da yake a jere suke, guda ɗaya in ya raunana sai ya ja sauran 27 ƙasa. Ana iya canza shi kaɗai, amma sau da yawa na kusa da shi ne zai biyo baya. Ya kuma ja mini kunne a kan wayoyi masu ruwan lemo. Ba na mai gyaran wayar mota na bakin titi ba ne, wutar da ke cikinsu tana kisa.

Nan ne na gane kuskuren da na yi wata da watanni. Don in rage shan mai, na riƙa kashe na'urar sanyi da tsakar rana, ina gumi, ashe batir ma gumin yake yi, kwamfuta na janye masa aiki tana ɗora wa inji. Inna ba ta taɓa rage itace har tuwo ya ƙi nuna ba, wannan rowa ce, ita kuwa tattali take yi. Yanzu inuwa nake nema in ajiye mota ko da zan ƙara taku, in na dawo in zuge gilasai zafin ya fice, sannan in kunna sanyi daidai misali. In za a ƙara wa na'urar sanyin gas kuwa ina tsaye a kai, don kwamfuresarta ta lantarki ce, mai na musamman take sha, ND-11. Na sauran motoci yana iya lalata ta.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna taruwa. Baƙin mai 5W-30 aka rubuta wa motar, ba mai kaurin nan 20W-50 da ake ɗura wa kowace tsohuwar mota ba, kuma lita 3.7 take ci, kada a juye mata galan ɗin duka. Iskar taya tana rubuce a jikin ƙofar direba, 35 gaba, 33 baya, da safe nake aunawa da ma'aunina kafin in je wurin mai faci. Matatar iska duk hunturu sai na canza. Na kwashe tarkacen da ke but, har da wani buhun siminti da ya yi wata biyu yana yawo da ni. Ƙaramin batirin bolt 12 ma, wanda ke ɓoye a but, in ya tsufa yakan rikita mata lissafi.

Ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa. Duk shan mai sai na rubuta lita da lambar kilomita, don allon yakan ɗan yi wa kansa alfarma. Har yau ban kai awon Amurka ba, ba na kuma sa ran mota mai waɗannan shekaru a kan titunanmu za ta kai. Amma tankin da ba ya kai ni kwana goma, yanzu yana haura mako biyu, kuma abin da ya ragu shi ke sayen madarar yara.

Kwanan baya na sake ɗaukar Inna, za mu gaisuwa. Ta shiga baya ta jingina ƙunshin kayanta a gefen kujera, daidai kan ragar nan.

"Inna, don Allah a ɗan janye ƙunshin. Ta nan take shaƙar iska."

Ta duba wurin, ta shafa ragar da yatsa. "Nan ne hancinta?"

"Nan ne."

Ta ɗauke ƙunshin ta ɗora a cinya, ta kuma jawo ƙaramar jikarta da ke shirin kwanciya a wurin. "Matso nan, 'yar nan," in ji ta, "kar ki toshe mata hanci."