Budurwar da ta kurumce a dare ɗaya

A wani daren hunturu, wata budurwa a Faransa ta yi tafiya a saman keken doki, a waje, sanyi yana dukanta, kuma tana cikin jinin al'ada. Kafin a ankara kunnuwanta sun toshe ɗif. Jiri ya hana ta zama, ko juya kai ta yi sai amai. A rana ta biyar ta cika.

Likitocin wancan zamani ba sa wahalar da kansu kan irin wannan ciwo. Wanda jiri ya kayar, sai su ce jini ne ya taru masa a ƙwaƙwalwa, su tsaga jijiya ko su liƙa masa matsattsaku, kusan yadda wanzami yake yin ƙaho. Kunne kuwa, a wurinsu, aikinsa ji kawai.

Prosper Ménière, likitan makarantar kurame ta Paris tun 1838, ya ga abin da ya saɓa wa wannan a gawar yarinyar. Ƙwaƙwalwa lafiya lau, laka ma haka. Amma can cikin ƙashin kunne, a 'yan bututun nan uku masu lanƙwasa, sai ga wani jan abu mai kauri, alamar jini ya zuba. A Janairun 1861 ya tsaya gaban majalisar likitocin Faransa ya ce jiri da kurumta suna iya fitowa daga kunne kansa. Bai sami karɓuwa nan take ba, shekara ta zagayo ya rasu.

Abin mamaki, cutar da ake kira da sunansa yau, mai zuwa tana tafiya, taruwar ruwa ce a cikin kunne, ba jini ba. Yarinyar da ta buɗe masa ido ba wannan cutar ta yi ba. Likitocin baya da yawa suna ganin sankarar jini ce ta kashe ta.

Mu a nan, sikila tana cikin abubuwan da ke jawo irin wannan zubar jini a cikin kunne, haka magungunan tsinka jini. Ba a ganin komai daga waje, ko ɗigo ba ya fitowa, sai hoton MRI ke nuna shi. Mutumin Darna ko Illela da ya wayi gari kunnensa ɗaya ya mutu, ga jiri, ɗiga mai ko tsiren kunne ba za su kai inda ciwon yake ba. Likitocin kunne suna asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kuma maganin da suke bayarwa ya fi aiki cikin makonni 2 na farko.