Wa zai karanta, wa zai gyara? Yadda manhajoji ke raba izini a kan takarda ɗaya

Duk wanda ya san aikin ofis ya san fayil yana da ladabinsa. Masinja yana ɗaukarsa daga tebur zuwa tebur amma ba ya rubuta komai a ciki. Akawu yana rubuta shawararsa. Sa hannu kuwa na shugaba ne. Manhajojin da mutane da yawa ke duba takarda ɗaya a cikinsu, irin su Google Docs da Microsoft Word na intanet, wannan tsarin suka kwaikwaya, sai dai a nan kai da ka buɗe takardar kai ne ke raba muƙaman, kuma yawancinmu muna rabawa ne ba tare da mun tsaya mun duba ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce ana rubuta rahoton bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙaramar hukumar Gwaram. Akwai ɗalibar da ta tattaro bayanai a Basirka da Sara, akwai likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, akwai malamin da ke duba aikin daga Jami'ar Tarayya ta Dutse, sannan akwai jami'in sashen lafiya na ƙaramar hukumar da ke son ganin inda aka kwana. A da sai dai a yi ta tura kwafi ta imel ko WhatsApp, har a rasa wanne ne na ƙarshe. Yanzu takarda ɗaya ce a intanet, kowa yana shiga daga inda yake.

Google Docs, wadda ta samo asali daga wata manhaja mai suna Writely da Google ya saya a 2006, tana da matsayi huɗu. Mai kallo yana karantawa kawai. Mai tsokaci yana iya rubuta ra'ayinsa a gefe, yana kuma iya ba da shawarar gyara, wato ya soke kalma ya kawo wata, amma gyaran nasa ba ya zama sai wani ya amince. Edita yana goge abin da ya ga dama, ya ƙara abin da ya ga dama, ya karɓi shawarar wasu ko ya yi watsi da ita. Sai mamallaki, wanda takardar ke zaune a asusunsa.

A misalinmu, ɗaliba da likita su ne editoci tunda su ke rubutun. Jami'in ƙaramar hukuma mai kallo ne. To malamin jami'a fa?

Nan ne muke yawan tuntuɓe. Kunya ba za ta bar ɗalibi ya ba malaminsa matsayin mai tsokaci ba, yana ganin kamar raini ne, sai ya ba shi na edita. Alhali aikin malamin shi ne aikin jan biro: ya nuna inda kuskure yake, mai aikin ya gyara da hannunsa ya koya. Idan yana edita, yatsansa na iya zamewa a kan waya ya share sakin layi guda, ko ya canza wani adadi ba wanda ya lura. Ni a ganina ba shi matsayin mai tsokaci kare shi ne, domin duk abin da ya taɓa zai fito da sunansa a fili, ba wanda zai ɗora masa abin da bai yi ba. Manhaja ba ta san girma ko shekaru ba, abin da kawai take tambaya shi ne wane aiki mutum zai yi.

Masana kwamfuta sun daɗe da wannan tunani. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT a Amurka suka rubuta ƙa'idojin tsare bayanai, ɗaya daga ciki ita ce a ba kowa mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa. A 1992 kuma David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST suka tsara yadda za a ɗaura izini a jikin matsayi maimakon a jikin mutum. Ma'ana, ba sai an zauna an lissafa wa kowane mutum abin da zai iya taɓawa ba. Ana ƙayyade abin da edita zai iya, duk wanda aka naɗa edita ya gaji wannan ikon, ranar da aka sauke shi ikon ya bar hannunsa. Kamar rawanin hakimi kenan.

Akwai abubuwa biyu da manhajar ke yi a ɓoye idan ba ka hana ta ba. Edita yana iya gayyato wasu mutane har ya canza musu matsayi, kuma mai kallo yana iya sauke takardar ko ya kwafe ta. Mamallaki na iya kashe duka biyun a cikin saitin rabawa. Amma kar ka ɗauka hana saukewa ya rufe ƙofa, wanda ke ganin shafi zai iya ɗaukar hotonsa.

Babbar kafar ɓaraka ita ce zaɓin nan da ke cewa duk mai riƙe da mahaɗin takardar zai iya shiga. Sauƙi gare shi, shi ya sa ake son sa: ba sai ka nemi imel ɗin kowa ba, ka jefa mahaɗin a zauren WhatsApp shi ke nan. To amma mahaɗi ba ya tambayar sunan wanda ya danna shi. Daga wannan zauren wani zai tura shi wancan. Idan rahoton na ɗauke da sunayen marasa lafiya, da shekarunsu, da ƙauyensu, ka tuna a gari kamar Sara sunan unguwa da shekaru sun isa a gane mutum. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman. Hanya mafi aminci ita ce a raba gida biyu: rahoton da aka cire sunaye a ba masu dubawa, asalin bayanan kuma ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku da aka gayyata da imel ɗinsu.

Idan rahoton ya kai ga mujallar kimiyya, izinin yana ƙara wani salo. Manhajar Open Journal Systems, wadda mujallu da yawa a Afirka ke amfani da ita, tana iya ɓoye sunan marubuci ga mai bita, ta kuma ɓoye na mai bita ga marubuci, edita ne kaɗai ke ganin duka biyun. Sai dai fayil ɗin Word na iya tona asiri, domin yana ajiye sunan wanda ya rubuta shi da na masu gyara a cikin bayanansa. Sai an goge su kafin a tura.

Maganar mamallaki ita aka fi mantawa. Sau da yawa wanda ya fi iya kwamfuta shi ke buɗe takardar a Gmail ɗinsa, wataƙila ɗan bautar ƙasa ne da zai gama shekararsa ya koma gida. Idan ya goge ta daga asusunsa har abada, kowa ya rasa ta. Google Docs tana ba da damar miƙa mallaka ga wani, kuma aikin minti biyu ne, amma sai mai shi yana nan ya yi da kansa. Saboda haka ranar da wani zai bar aikin, a karɓi mallakar kafin ya tafi, a buɗe jerin masu izini a cire waɗanda suka gama nasu. Tarihin gyare-gyare, wanda editoci ke iya buɗewa, zai nuna wa ya canza me da kuma yaushe, har ya ba ka damar maido da takardar yadda take makon jiya.